Yaro Mai Amosanin Jini da Hidimar Sallah

Idan Sallah ta matso, hankalin gida kan koma wajen tela, cefane da lissafin gidajen da za a zaga. A gidan da ke da yaro ɗan shekara biyu ko uku mai amosanin jini, wato sikila, akwai lissafin da ya kamata ya riga waɗannan duka, amma sau da yawa shi ake bari a baya. Irin waɗannan gidaje kuwa suna da yawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai.

Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake. Da zarar ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa, ko zazzaɓi ya kama shi, ko sanyi ya buge shi, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Nan ciwon ke tashi. Babba zai ce ƙashinsa ke sara. Ɗan shekara biyu sai dai kuka, ƙin taka ƙafa, ko a ga bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura.

A 'yan shekarun nan Sallah ƙarama da babba suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafi a Kano, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram kan haura digiri 40. A cikin wannan zafi ake sanya wa yaro shadda mai sitaci, a kafa masa hula, a goya shi zuwa kallon hawa cikin ƙura da cunkoso. Duk gidan da aka shiga a miƙa masa lemon kwalba da cincin, uwa ta ɗauka ya sha ruwa, alhali bai sha ba. Ruwa tsabtatacce yake buƙata, a gorarsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tun kafin ya nema. Idan fitsarinsa ya ragu ko leɓensa ya bushe, an riga an makara da ba shi. Kuma kada zafi ya sa a watsa masa ruwan firij ko a kwantar da shi a saitin na'urar sanyaya ɗaki, don sauyin nan na farat ɗaya shi ma yana tayar da ciwon.

Sai maganar hannu-hannu, wato kowa ya karɓi yaro ya ɗauka. Saifar mai sikila tana raunana tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Abin da zai tsaya wa ɗan maƙwabta a mura, shi yana iya zame masa ciwon huhu ko sanƙarau. Dalilin ke nan likitoci ke ɗora irin waɗannan yara kan penisilin safe da yamma har su kai shekara 5, tare da folik asid da rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ranar Sallah ce aka fi tsallake magani: da safe ana saurin idi, da dare kowa ya gaji.

A ganina, abin da ya fi zafin rana haɗari a wannan hidima shi ne kunya. Uwa ta ga surukarta tana tari, ta ce, "Kawo mini angon nawa in gan shi," ba ta da bakin hanawa. Gwaggo ta zo da jiƙe-jiƙe ko maganin ƙarin jini na kanti ta ce a ɗura masa, alhali ƙarancin jinin mai sikila ba na rashin sinadarin ƙarfe ba ne, kuma yaron da ake yawan yi wa ƙarin jini tarin sinadarin nan illa yake masa. Wannan nauyi na maigida ne, tunda danginsa ne. Ya riga kowa magana, cikin ladabi: "Hajiya, likita ya ce mai tari ya ɗan yi nesa da shi, mu bari ki warware in kawo miki shi ya wuni." Ba kakar da za ta ƙi jin haka daga bakin ɗanta. Ɓoye cutar don gudun surutun dangi kuwa, yaron ne ke biyan kuɗinsa.

Zazzaɓi ba ya jiran a sauko daga idi. A tanadi ma'aunin zafin jiki a gida, ba shi da tsada. Idan ya nuna 38 ko sama, asibiti za a nufa a take, ko da tsakar dare ne, ko da rago na kwance ana fiɗa. A auna kafin a ba da farasitamol, domin yana rufe zafin ya bar cutar tana ci a ciki. Maganar "bari a wuce Sallah" ta ci yara da yawa.

Akwai wani abu da ke zuwa ba sallama a waɗannan shekarun: jini ya taru a saifa cikin 'yan sa'o'i. Uwa ta ja fatar idon yaro ta ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannunsa a haske. Idan sun yi fari fat, jikinsa ya saki, cikinsa ya ɗaga ta ɓangaren hagu ƙarƙashin haƙarƙari, gudu za a yi, don ƙila sai an ƙara masa jini. Ta roƙi likita ya koya mata yadda ake laluba saifa da yatsu tun yaron na lafiya, don ta san girmanta na yau da kullum. Haka nan numfashi sama-sama, karkacewar baki, ko hannu ɗaya ya mutu, duk ba na jira ba ne.

A ranakun hutu, asibitin masu sikila na mako-mako ba ya zama, sai sashen gaggawa na yara. Don haka a karɓi maganin da zai isa tun mako guda kafin Sallah, a sa shi jaka ɗaya da katin asibiti da takardar rukunin jininsa. Masu zuwa ƙauye su tambaya tukuna: ina asibiti mafi kusa da ke ƙarin jini, wa ke da mota idan dare ya yi? In amsar ba ta gamsar ba, yayyensa su bi kawunsu su yi yawon Sallarsu, shi kuma a bar shi gida da uwarsa da mai taya ta, a kai shi gaida kakanni bayan mako guda, da sanyin safiya, lokacin da taro ya watse.