Rigar kariya ta shiga ruwa: yadda za ki zaɓi wadda ta yi wa ɗanki daidai

Uwargida, idan damina ta kankama a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kin san yadda ƙoramu ke cika, kududdufai su tumbatsa, wasu hanyoyin ƙauyuka su yanke sai an shiga kwale-kwale. Ga kuma dam ɗin Muhammadu Ayuba a Kazaure, wanda ruwansa ke jan hankalin yara rani da damina.

Ba mu manta da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Kano ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa a ruwa duk shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Shi ya sa hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa ke cewa kada a shiga jirgi ba rigar kariya. Sai dai rigar da ta yi wa yaro yawa ba za ta riƙe shi ba. Da ya faɗa ruwa, rigar za ta taso sama, shi kuma ya zame ta ƙasa.

Nauyi za ki duba, ba shekaru ba

Mun saba sayen kayan Sallah da ɗan girma don yaro ya daɗe yana sawa. A nan wannan dabarar haɗari ce. Ki fara auna ɗanki a sikelin asibiti, sannan ki duba rubutun da ke cikin rigar. Wasu kamfanoni na raba su uku: ta jarirai zuwa kilo 14, ta yara daga kilo 14 zuwa 23, sai ta manyan yara daga 23 zuwa 41. Wasu rabonsu ya bambanta, don haka abin da ke jikin rigar shi za ki bi.

Ki kuma nemi lambar da ke nuna ƙarfin ɗaga mutum. Mai 50N ta wanda ya iya iyo ce. Yaro ki nema masa mai 100N ko sama da haka.

Gwajin da za ki yi kafin ki biya

Ki je da yaron kasuwa. Ki sa masa rigar a kan kayan da ya saba fita da su, ki ja zif, ki ɗaure kowane maɗauri daga ƙasa zuwa sama. Ki ce ya ɗaga hannuwansa, ki kama kafaɗun rigar ki ja sama. Idan ta haura haɓarsa ko ta kai kunnuwansa, ta yi masa yawa. Idan zif ya ƙi rufuwa ko yana nishi, ta yi kaɗan.

Ga ƙananan yara, abu uku ba a sassauci a kansu: maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, wanda shi ke hana rigar fita ta kai, babbar kwala mai tallafe ƙeya don fuska ta kalli sama, da hannun kamawa a bayan wuya, wanda mai ceto zai damƙa. Ki zaɓi launi mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, domin ruwan damina ja ne, ba a saurin ganin mai duhun kaya. In da usur a jiki, ya fi.

Idan ta gwanjo ce, ki matsa soson da hannu. Wanda ya taurare, ko yake marmashewa, ko ɗinki ya farke, ki bar masa kayansa.

Ranar tafiya

A sa rigar tun a bakin gaɓa, kafin a taka jirgi. 'Yan mata su sa ta a kan hijabi, a tattare gefensa ciki don kada ya naɗe hannu. Ke ma ki sa taki, kuma ki kwance goyo ki riƙe jariri a gaba da tasa rigar. Jarka, tiyub ɗin mota da robar hannu da ake hurawa ba sa maye gurbin rigar kariya. Idan kin ga mai fito ya yi lodi fiye da kima, ki haƙura ki jira sawu na gaba.

Bayan an dawo, ki ɗauraye rigar, ki shanya ta a inuwa, kada a mai da ita matashin zama, domin rana da danna suna kashe soson. Duk farkon damina ki sake auna yaron, ki maimaita gwajin kafaɗa. In kuɗin ya yi miki nauyi, ku haɗa adashi da matan unguwa ko iyayen 'yan Islamiyya, a sayi girma daban-daban, a riƙa ara wa duk wadda tafiya ta kama.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Wadda ta san inda ake samun mai kyau a yankinku, ta sanar da 'yan'uwa a ƙasa.