Tumunin tsohuwa a Matameye: ina yake shiga?

A shari'ar Musulunci rabon matar mamaci a bayyane yake: tumuni idan miji ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba. Kishiyoyi kuma wannan kason ɗaya suke rabawa. Ka ɗauka gonar da ta kai jika 800 ce, mata huɗu, ga kuma 'ya'ya: kowacce jika 25 za ta tashi da ita, bayan shekara arba'in tana surfe da daka a gidan.

A Matameye, babban garin gundumar Kantche da ke jihar Damagaram, ko wannan ɗin ba kullum yake isa hannu ba. Ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, gonaki sun tsattsage tun rabon kakanni. Sai a bar gado a dunƙule hannun babban ɗa, a ce da tsohuwa: "Inna, ai mu za mu ci da ke." Da zuciya ɗaya ake faɗa, ban musa ba. To amma ɗan nan zai tafi cin rani Kano, wata shekarar damina ta ƙi, a jinginar da gonar ba a ko shawarce ta ba. Gayaunar da maigida ya yanka mata kuwa aro ce tun asali. Tana gama takabar wata huɗu da kwana goma ana iya maido ta cikin gandu. Wadda ba ta haihu a gidan ba ta fi kowa shiga uku.

Shi ya sa dukiyar tsohuwa ta gaskiya take ɗaure a turke ko ƙunshe a ɗaki: akuya biyu, kwanukan aure, jarin ƙuli-ƙuli, zubin adashi ko asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Duk abubuwa ne masu saurin narkewa. Jika ya kwanta zazzaɓi, akuya ta tafi kasuwa.

Alhali akwai ƙofa. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma suna ba da takardar shaidar gado, kyauta ko aro, mace ma tana da haƙƙin karɓa da sunanta. Malamai masu rabon gado da masu gari, ku fitar da tumunin nan a auna shi a gona, a rubuta shi da sunan mai shi tun tana raye.