Wajen Masu Turmi a Kasuwar Wudil

Duk wanda ya ce zai ci Wudil ranar Juma'a, ana ɗauka kara ya nufa, don shanu ne suka fito da sunan kasuwar. Ni kuwa wajen masassaƙa nake tsayawa. A da sai ka ratsa turame jere kamar an yi musu sahu, ga taɓare a jingine, ga akusa baƙaƙe wuluk suna ƙyallin mai, ga muciya da koshiya da ƙotar fartanya a zube. Yanzu taku kaɗan ka ƙure wurin, robobi sun cinye sauran.

Wani dattijo na tarar yana gyaran bakin turmi da gizago, ko ɗagowa bai yi ba. Na ƙwanƙwasa turmin, na ce, "Baba, wannan ƙirya ce?" Ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ina ka ga ƙirya yanzu? Mangwaro ne. In ƙirya kake so, ga ta can guda ɗaya, amma shirya aljihunka."

Wanda bai san itace ba zai ce ai turmi turmi ne. Ƙirya jar zuciya gare ta, ga nauyi, gara ba ta cin ta, turminta kan yi wa uwa aiki ya kuma bi 'yarta ɗakin miji. Aduwa ta allo ce, shi ya sa almajiri zai yi ta wankewa yana sake rubutu ba ta gaji ba. Marke na ƙota da muciya, saboda tauri. Kaɗanya da maɗaci su ma suna yin turmi. Dukansu kuma da ɗanyensu ake sassaƙa su. In ƙirya ta bushe, ƙarfe take ci, sai ka wuni wajen maƙeri kana wasa gizago. Saboda haka a dawa ake fara aikin: a kayar da itace da gatari, a datsa shi gunduwa-gunduwa, a rarake cikinsa tun ruwan jikinsa bai tafi ba, ya yi sauƙin ɗauka. Sannan a ajiye shi a inuwa ya sha iska a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rana, musamman da hunturu, zai wayi gari turmi ya tsage daga baki har gindi. Akushi kuwa sai an babbake shi an shafe da mai kafin ya yi baƙin nan da tuwo ke daɗewa da ɗumi a cikinsa.

Na taya na ƙiryar. Dattijon ya ce Naira 30,000. Na ce 15,000. Ya ce albarka, ya koma kan gizagonsa kamar ba ni a wurin. Na ce, "Haba Baba, itace ne fa, ba saniya ba." Nan fa ya ajiye aiki ya karanta mini: tafiyar da ake yi kudu, can wajajen dajin Falgore, kafin a ga ƙiryar da ta isa turmi, kuɗin mai gona, kuɗin mota, da abin da ake miƙawa a kowane shinge. Na ƙara, ya rage, muka tsaya a 24,000, ya ce ya sallama don Juma'a, taɓarya kuma ciniki daban.

Mutane na cewa injin niƙa ne ya kashe sana'ar nan. Ban yarda ba. Injin niƙa bai iya kirɓa sakwara, fura ma ta turmi daban take, kuma har gobe ba a kai amarya ƙauye ba turmi. Masu saye suna nan, itacen ne babu. Ƙirya ita ce gawayin maƙera tun kaka da kakanni, amma maƙeri buhu nawa zai ƙona? Tun da aka janye tallafin mai a 2023, gas da kalanzir suka fi ƙarfin talaka, mutanen birni da yawa suka koma gawayi. Ka tsaya a gadar Wudil ka ga motocin da ke wucewa da buhuna har sun rinjaya. Haka aka yi wa madobiya a Taraba, aka yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2016, bayan an riga an yi wa dajin aski.

Abin da ke ƙona mini rai, masassaƙin da zai sare bishiya ɗaya ya fitar da turame da akusa da za su shekara talatin ana mora, shi malamin daji ke ƙwace wa gatari. Mai injin yanka da ya share kadada ya mayar da ita toka, da takardarsa a aljihu yake wucewa.

Na tambayi dattijon ko yaransa na taya shi. Ya ce babban yana acaɓa a Kano, ƙaramin kuma gawayi yake sayarwa a bakin titi, wai ya fi kawo kuɗi.