Irin Ganye Nagari, Tukunya Ce Alƙalinsa

Duk wanda ya bi ta lambunan Ƙofar Marusa ko Ƙofar Durɓi da sanyin safiya zai tarar ana yankan alayyafo ana ɗaure shi dami-dami, kafin hantsi ya isa Babbar Kasuwar Katsina. A bakin tasha kuwa ga 'yan talla da robobin dafaffen zogale da rama, garin ƙuli-ƙuli a gefe, ana kwaɗawa. Ganye ba baƙo ba ne a birnin Dikko. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya suna fama da ƙarancin jini, a jihar Katsina kuma kusan yara shida cikin goma sun tsumbure. Alayyafo da zogale da gasaya suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini da bitamin A. Magani ne a gonar yaro.

Sai dai ba duk alayyafo ne ɗaya ba. Wani ya fi wani sinadarin gina jini, wani yana saurin yin fure ya tsufa bayan yanka biyu, wani kuma yana da yawan sinadarin da ke hana jiki cin moriyar abin da ke cikin ganyen. Zaɓo nagari a haɗa shi da nagari shi ne aikin masu inganta iri. Cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta daɗe tana yi wa masara da dawa da wake da gyaɗa wannan hidima, amma ganyen miya ya zama ɗan bora. A Tanzaniya kuwa an fitar da irin alayyafo biyu, Madiira 1 da Madiira 2, tun 2011, da taimakon Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya. Ke nan abu ne mai yiwuwa. Inda gizo ke saƙa shi ne wa za a tambaya. Uwargida ba da ma'aunin ɗakin gwaji take sayen ganye ba. Lalo da karkashi yauƙinsu take nema, yakuwa tsaminta, rama kada ta yi kaushi, zogale kada ɗacinsa ya sa yara ture kwano. Mai lambu shi kuma lissafin yawan yanka yake yi, mai sayarwa tana son wanda ba zai yanƙwane kafin azahar ba. Zogalen nan PKM-1 da aka inganta a Indiya, don 'ya'yansa aka yi shi, domin su suka fi ci a can. Mu ganye muke bi. Irin da ya faɗi jarrabawar tukunya, ko zinariya ce a cikinsa, a rumbun masu bincike zai ƙare.

Wasu za su ce tafasa da gasaya da kansu suke fitowa da damina, me ya kai a kashe musu kuɗi? Ai filayen da ake tsinkarsu ne gine-gine da maganin feshi suke cinyewa. Wasu kuma su ce talauci da rashin tsaro ne suka jawo tamowa, ba iri ba. Gaskiya ne, ganye ba zai maye gurbin ƙwai da nama ba, amma shi ne abin da talaka ke iya saye kullum. Masu tsoron kada a mai da manomi bawan kamfani ma suna da hujja, shi ya sa a tsaya kan irin da mai lambu zai iya ɗebewa ya adana da kansa.

Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ma'aikatar gona ta jiha su fara daga nan: a tattaro irin da ke hannun masu lambu, a shuka su jere, a dafa, a kira matan unguwa su ɗanɗana kafin a zaɓi ko ɗaya.