Keken Lantarki Daga Nesa: Wa Zai Gyara In Ya Lalace?

A Turai mutane da yawa suna sayen keken lantarki ta intanet don neman sauƙin farashi. Kamfani irin Canyon na birnin Koblenz a Jamus ma kai tsaye yake aika wa mai saye kekensa a kwali. Sai injin ya tsaya ake gane nisan dillali.

A dokar Tarayyar Turai, mai saye yana da haƙƙin gyara ko sauyi na aƙalla shekara 2 idan kaya ya zo da aibi. Amma wannan haƙƙi yana wuyan wanda ya sayar ne. Mai shagon keke na unguwa bai ci kuɗinka ba, don haka ba dole ne ya taɓa keken kyauta ba. Ko da kamfani ya aiko kayan gyara, sau da yawa kuɗin aiki daga aljihunka zai fito.

Mayar da keken ma aiki ne. Batirin lithium yana cikin kayan da ake ɗauka masu haɗari wajen sufuri saboda yana iya kamawa da wuta, kuma masu jigila da dama ba sa karɓar wanda ya lalace. Injin kamfanin Bosch kuwa, dillalin da ke da na'urar binciken kamfanin ne ke iya duba shi yadda ya kamata.

Garanti ba ya ɗaukar cinyewar taya, birki da sarƙa. Wanda ya cire takunkumin gudun kilomita 25 a awa, shi ma ya yi asarar garantin.

Kafin ka biya, nemi dillali ya rubuta maka shagon da zai yi gyara kusa da kai, kuma ka adana rasit.