Zarton Inji: Mai Sauƙaƙa Aiki, Mai Saurin Raunata Mutum

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin sharar gona, ƙarar zarton inji ba ta yankewa a dazuzzukan da ke kewaye da Ngaoundéré, Meiganga da Tibati. Itacen da zai ci wa magidanci wuni guda da gatari, injin yana kayar da shi cikin 'yan mintoci. Amma a lokacin ne kuma ake yawan kawo masu yankan katako asibiti. Sarƙar injin tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Ba ta yanka tsaf kamar wuƙa, yagar nama take yi, ta cusa ɓawo, mai da ƙasa cikin ciwon.

Babban hatsarin shi ne zaburar inji. Idan saman bakin zarton ya taɓa reshe ko dutse, injin yakan yi tsalle ya nufo fuska ko kafaɗa kafin mutum ya ƙifta ido. Saboda haka a riƙe shi da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙin gaba. Kada a yi yanka da bakinsa, kada a ɗaga shi sama da kafaɗa, kada a hau tsani ko itace da shi. A tayar da shi a ƙasa, birkin sarƙa a kulle.

Sutura ma kāriya ce. Babbar riga, rawani da silifas ba na wannan aiki ba ne. A sa dogon wando mai kauri, takalmi mai rufe ƙafa, hular kwano, tabarau da safar hannu. A toshe kunnuwa, domin ƙarar injin ta haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne yake fara lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A bar inji ya huce kafin a zuba fetur. Wanda ya sha giya ko tramol kada ya taɓa shi.

Kafin kayar da itace, a ɗaga kai a duba busassun rassa, amyar zuma, wayar lantarki, da inda itacen ya karkata. In iska tana kaɗawa da ƙarfi, a jira. Kowa ya ja da baya ninki biyu na tsawon itacen, musamman yara da mata masu tsintar itacen girki. A share hanyar gudu ta baya, a karkace. A fara yanke tsaga a gefen da ake so ya faɗi, zurfinta kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin itacen. Sannan a yanko ta baya, sama kaɗan da gindin tsagar, a bar ɗan tsakiya ba a yanke ba. Shi ne ke riƙe itacen ya faɗi inda aka nufa. Wajen daddatsa gungume a gangare, a tsaya ta sama don kada ya mirgino kan mutum.

In tsautsayi ya auku, a kashe inji tukuna. A danne ciwon da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannewa ta kāsa, a ɗaure sama da ciwon da faffaɗan ƙyalle, a murɗa shi da sanda har jinin ya tsaya, a lura da lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu ko baƙin mai, domin ta nan ciwon sarƙe haƙora yake shiga. Ko ciwon ƙarami ne, a zo a duba ko ana bukatar allurar rigakafi. Wanda itace ya faɗa wa a baya ko wuya, kada a naɗe shi a kan babur. A kwantar da shi miƙe a kan katako, wani ya riƙe kansa.

'Yan'uwa, kada kowa ya tafi daji da inji shi kaɗai, domin jini yana iya ƙarewa cikin mintoci kaɗan. Dattawan ikilisiya da masu unguwa, ku tattara samarin da ke wannan sana'a ku karanta musu wannan shafi. Hannun magidanci shi ke ciyar da gida. Allah ya kiyaye mu duka.