Ziyara A Gidan Tarihi Na Jos: Ɗakin Gumaka Ne Ko Aikin Hannun Mutanen Da?

Duk wanda ya saba shiga tsakiyar garin Jos ya san gidan adana kayan tarihi da ke gindin dutse, maƙwabtaka da gidan namun daji. Amma in ka tambayi jama'a a bakin majami'a ranar Lahadi ko sun taɓa shiga cikinsa, kaɗan ne za su ce i, su ma ɗin tun suna firamare aka kai su. Yara kan ja iyayensu zuwa kallon namun daji, in an zo daidai ƙofar gidan tarihi sai a wuce. Wasu rashin sha'awa ne kawai. Wasu kuwa da gangan suke ƙin shiga, domin an gaya musu ɗakin gumaka ne, Kirista ba shi da abin nema a can.

A wata ikkilisiya da muka sani, malaman makarantar Lahadi sun shirya kai yara wannan gida. Da maganar ta zo gaban dattawa, sai wani tsoho ya miƙe ya ce shi da idonsa ya ga ranar da mahaifinsa ya kwaso kayan tsafinsa ya ƙone su a gaban jama'a kafin a yi masa baftisma. Ya ce, "Yanzu kuma mu tara kuɗin mota a kai jikokina su tsaya suna sha'awar abin da kakansu ya gudu ya bari?" Babu wanda ya yi wa Baba dariya, mu ma ba mu raina maganarsa ba. Ita ce ma ta sa muka je da kanmu domin mu ba masu karatu labarin abin da ke ciki.

Labarin gidan ya fara ne daga ramin kuza. A shekara ta 1928, ma'aikatan haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu ke cikin ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Aka ajiye shi, ba wanda ya san muhimmancinsa. Sai a 1943 aka sake samun wani kan, wannan karon a wajen Jama'a. Wani akawun kamfanin kuza ne ya ɗauke shi, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi bisa sanda domin korar tsuntsaye, ya kuwa yi kamar shekara guda yana wannan aiki a cikin ruwa da rana. Daga baya aka kai shi Jos wurin wani saurayin Bature ma'aikacin mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilmin tono kayan tarihi a jami'ar Cambridge ta Ingila. Da ya gwama wannan kai da na 1928, sai ya ga hannu iri ɗaya ne. Ya shiga bin sansanonin 'yan kuza yana roƙonsu kada su jefar da duk wani tsingaro da suka tono. Abin da ya tara ta wannan hanya shi ne harsashin gidan, wanda aka buɗe a 1952. A Nijeriya gidan tarihi na Esie, na 1945, shi kaɗai ya girme shi.

Waɗannan kawuna na Nok su ne mutum zai fi daɗewa a gabansu. Abin da zai fara kama idonka shi ne idanunsu: kusan dukansu masu kusurwa uku ne, an huda tsakiyarsu, haka nan an huda hanci da kunne, wani lokaci har da baki. Ba sassaƙa su aka yi daga dunƙulen laka ba. An gina su ne kamar yadda iyayenmu mata ke gina tukunya, wato a mulmula yumɓu kamar igiya a riƙa ɗorawa ana shafewa, cikin ya zama fanko. Hujojin nan suna taimaka wa iska da tururi su fita lokacin gashi don kada aikin ya fashe. Sa'an nan ga kitso iri-iri, ga tsakiya a wuya da hannu da ƙugu. Wata mata cikin 'yan zumunta da muka tarar a can ta daɗe tana duban wani kai, can ta juyo ta ce wa 'yar'uwarta, "Yaya, ai wannan kitson har yau ana yinsa a garinmu."

Game da shekarunsu, an sami ƙarin haske tun daga 2005, lokacin da masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, suka fara tono tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Bincikensu ya nuna mutanen Nok sun fara zama a yankin wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu, sun fara gina mutum-mutumin nan wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, al'adar kuma ta ɓace daidai wajen zamanin da aka haife shi. Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi. Ke nan lokacin da annabi Ishaya ke wa'azi a Urushalima, akwai magina a kudancin Kaduna suna hura wuta suna gasa waɗannan kawuna. Gero suke nomawa, da wake. A 2021 aka bayyana cewa an gano alamar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, wato suna cin zuma. Sun kuma san narkar da tama, domin a Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narkar da ƙarfe tun cikin shekarun 1960.

To, mu koma ga tambayar Baba. Sujada ake yi wa waɗannan abubuwa? Mutanen Nok ba su bar rubutu ba. Abin da masu tono suka gani shi ne, galibi a farfashe ake samun mutum-mutumin, kamar da gangan aka fasa su aka binne, kuma sau da yawa kusa da wuraren da ake zaton kaburbura ne. Saboda haka da yawa daga cikin masanan na ganin suna da alaƙa da jana'iza ko tunawa da magabata. Ko shakka babu mutanen nan suna da addininsu, ba kuwa namu ba ne. Wanda duk ya ce kayan ado ne zalla, ya faɗi fiye da abin da aka tabbatar.

Amma a namu gani, akwai bambanci tsakanin abin da mahaifin Baba ya ƙone da abin da ke bayan gilashi a Jos. Shi abin da ya ƙone yana da iko a zuciyarsa, yana tsoronsa, yana yi masa yanka, ƙonewar kuwa shaida ce cewa ya sake ubangiji. Ya yi daidai. Kan Nok kuwa shekara dubu biyu ke nan ba wanda ya durƙusa masa. Littafi Mai Tsarki kansa ya nuna mana wannan bambanci. Macijin tagulla da Musa ya ƙera ya daɗe a hannun Isra'ilawa ba a taɓa shi ba, sai da suka fara ƙona masa turare sa'an nan sarki Hezekiya ya farfasa shi, kamar yadda ke cikin 2 Sarakuna sura 18. Manzo Bulus da ya isa Atina, ko da yake ransa ya ɓaci da yawan gumakan birnin, bai rufe ido ba. Ya zaga ya duba, har abin da ya karanta a jikin wani bagadi ya zama mafarin wa'azinsa a Ayyukan Manzanni sura 17. A Fitowa sura 31 kuma, Allah ne ya ba Bezalel gwanintar aikin hannu. Muna ganin yaron da aka kai Jos aka yi masa bayani da kyau zai fito da sanin cewa Mahaliccin da ya ba Bezalel hannu bai manta da mutanen wannan ƙasa ba tun kafin Bature ya taka ta.

Wasu 'yan mishan ma sun gane haka da wuri. A 1947, Fada Kevin Carroll na ɗarikar Katolika da abokan aikinsa suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti cikin ƙasar Yarabawa, inda masassaƙan gargajiya suka riƙa sassaƙa labaran Bishara da irin hannunsu na gado. An rufe wurin a 1954, ba kowa ne ya yi na'am da shi ba. Amma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki da Fada Carroll, Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne, ya zama mashahurin masassaƙi, ya kuma sassaƙa ƙofofin majami'u.

Daga ɗakin Nok sai zauren tukwane, wanda a wurinmu ya fi ko'ina daɗin zuwa da iyaye mata. Randuna ne da tuluna da kasake da tukwanen dahuwa daga sassa daban-daban na Nijeriya. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ita ta yi ɗawainiyar tara yawancinsu cikin shekarun 1960, lokacin ta haura shekara 70, tana bin kasuwannin ƙauye. A lokacin watakila wasu sun ɗauka tsufa ne ke damunta, me za a yi da tulun da ke kowane gida? Yau roba ta kori tulu daga gidaje da yawa, yaran birni kuwa ba su san ɗanɗanon ruwan randa ba. Duk malamin da ke son koyar da labarin Irmiya a gidan maginin tukwane, nan ya kamata ya fara kawo ajinsa. Af, kafin mu manta: matar nan da ke bayan takardar naira 20 tana gina tukunya, ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a garin da ake kira Suleja yanzu a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ku tambayi yaranku ko sun san sunanta.

A farfajiya akwai tsofaffin jiragen ƙasa da motoci da kayan aikin kuza, waɗannan yara maza ba sa gajiya da su. Can gaba kuma akwai fili mai faɗi inda aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya da cikakken girmansu, bisa aikin wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski. A nan aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, damunar Jos kuwa ba ta da sauƙi, kuma ta yi wa wurin ɓarna cikin shekaru. Gidan yana kuma ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci. A garin da ya sha rikici tun daga 2001, ba ƙaramin abu ba ne a sami wuri guda da kayan kowa ke zaune tare.

Akwai wata magana da ta fi damunmu fiye da gardamar gumaka. A watan Janairu na 1987 ɓarayi suka fasa wannan gida suka kwashe kaya masu daraja, har da wani kan tagulla na Ife. Cikin shekarun 1990 kuma aka shiga haƙar kayan Nok ba ji ba gani, dillalai na biyan samarin ƙauye 'yan kuɗi kaɗan, kayan na ƙarewa a Turai da Amurka. A shekara ta 2000 har a babban gidan tarihi na Louvre a Faris aka baje wasu, abin ya jawo surutu, sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. A 2013 ta dawo da wasu guda biyar da jami'an kwastan ɗinta suka kama. Masanan Frankfurt kuwa sun tarar akasarin wuraren da suka je an riga an tone su. Ramin da aka tone da gaggawa, ko an dawo da kan, labarinsa ya tafi: ba a san da me aka binne shi ba, ko a wane zurfi.

Kada mu yi saurin ɗora laifin duka a kan baƙi. Ƙasar Nok ƙasar Kiristoci ce da yawa, 'yan mishan na SIM sun sauka Kwoi tun 1910. Samarin da suka riƙe diga da shebur ɗin nan, da yawansu 'ya'yanmu ne, suna cikin ƙungiyar matasa, wasu ma 'yan kwaya. Talauci ne ya tura su, mun sani. Amma wanda aka koya wa tun yana yaro cewa abin nan ƙazanta ne kawai, ba zai ji komai ba in ya sayar da shi kuɗin buhun taki. Mun yi wa'azi a kan gunki, ba mu yi wa'azi a kan sayar da abin da ba namu kaɗai ba.

Doka a fili take. Tun dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, haramun ne a tono irin waɗannan kaya ko a yi cinikinsu ko a fitar da su waje ba da izinin hukuma ba. Ikkilisiyoyinmu kuwa kullum cikin haƙa suke, yau harsashin sabuwar majami'a, gobe rijiya, jibi gidan Fasto. In diga ta ci karo da tsingaro mai siffar ido ko hannu, a dakatar da aikin a wannan gefen, kada a wanke shi, kada a ciro sauran, a sanar da mai unguwa ko hakimi, sa'an nan a aika wa gidan tarihi mafi kusa, na Jos ko na Kaduna.

Dattawan ikkilisiyar nan da muka ambata sun yarda a kai yaran bayan girbi, da sharaɗin Fasto zai bi su, kuma za a fara da zauren tukwane. Baba ya ce shi ba zai je ba, amma ya biya wa jikokinsa biyu kuɗin mota.